Shin Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu? Tarihin Baƙi, Haya da Haraji daga Agadas zuwa Maraɗi

'Yan uwa ɗalibai, idan aka ce yawon buɗe ido, yawancinmu nan Gangara, Gazawa ko Gidan Rumji mukan ɗauka zancen wasu ne can, zancen Turawa da manyan otal na Yamai. Amma a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta shafi aljihun kowa. Idan baƙo ya zo gari ya kama ɗaki, ya ci abinci, ya hau mota, ina kuɗinsa ke tafiya? Nawa ke tsayawa a gari, nawa ke ficewa, nawa gwamnati ke ɗauka, kuma me take mayarwa? Ƙasarmu tana da dogon tarihi kan wannan, kuma Agadas ce ta fi kowane gari ɗanɗana zaƙinsa da ɗacinsa. Daga can za mu fara, mu gangaro gida.

Tun zamanin ayari

Saukar baƙo sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa. Fatake idan sun iso gari ba otal suke nema ba, zango suke sauka ko gidan wani maigida da aka san shi da saukar baƙi. Shi zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, matan gidan su dafa musu tuwo, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu idan an yi ciniki bashi. Sau da yawa ba ya karɓar kuɗin ɗaki, ribarsa tana cikin la'adar dillanci. Kun ga ke nan tun da can an gane cewa ɗakin kwana ƙofa ce kawai, ainihin arzikin yana cikin abin da baƙon zai saya da abin da zai sayar. Haka aka yi a Kano da Katsina, haka a Salaga ta ƙasar Gwanja inda ake ɗauko goro, haka a Sabon Ibadan. Sarakuna kuma suna karɓar nasu a ƙofar gari da bakin kasuwa da mashigin kogi.

Agadas da wannan ta tashi. Tun ƙarni na 15 ta zama mazaunin Sarkin Abzin, mahaɗar ayarin da ke zuwa daga arewa da wanda ke zuwa daga ƙasar Hausa. Dogon masallacinta na ƙasa, mai tsawon mita 27, an gina shi a wajejen 1515, aka sake gina shi a 1844. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1850, kuma har yau ana nuna wa baƙi gidan da ya kwana. Ayarin gishiri na Bilma da Fashi shi ne ya haɗa mu da su kai tsaye: Buzaye su gangaro da gishiri da dabino bayan kaka, su sauka a gonakin Damargu da Tasawa da ƙasar Maraɗi, raƙuma su bar wa manomi taki, su kuma su koma da hatsi. Wannan ma baƙunci ne mai riba ga ɓangare biyu.

Abu biyu suka karya wannan tsari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da ke ratsa hamada suka koma bin teku. Faransawa kuma suka ɗora lanho, harajin kai, suka ce da tammarsu za a biya, ba da wuri ba. Neman kuɗin lanho shi ya tura kakanninmu noman gyaɗa, shi ya tura wasu cin rani Najeriya. Wannan darasi ne na farko: haraji ba ya tsayawa ga karɓar kuɗi, yana sauya abin da mutane ke nomawa da inda suke zuwa.

Zamanin kat-kat

Agadas ta daɗe tana barci kafin wani sabon baƙo ya zo. An fara haƙar uranium a Arlit a 1971, kuɗi suka shigo baitulmali, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit a wajejen 1980. Da kuɗin uranium ɗin ne gwamnatin Seyni Kountché ta sauke wa talakawa harajin kai a ƙarshen shekarun 1970. A daidai lokacin aka fara tseren motoci na Paris-Dakar, wanda ya tashi karo na farko a watan Disamba na 1978, kuma Agadas ta zama ɗaya daga manyan zangonsa. Talabijin na Faransa ya nuna wa duniya rairayin Tenere da duwatsun Abzin, sai Turawa suka fara zuwa da kansu. Mano Dayak ya buɗe kamfaninsa na Temet Voyages, wasu suka bi sahu.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba yadda kuɗin ke yawo, don shi ne zuciyar zancen. Baturen da ya zo kwana goma yana bukatar ɗaki a gari daren isowa da daren komawa. Sauran kwanakin yana daji, yana bukatar kat-kat ta haya, direba, ɗan jagora, kuku, wani lokaci raƙumi da mai raƙumi. Kuku zai sayi albasa da tumatir na lambunan Abzin, ya sayi akuya wajen makiyayi, ya sayi burodi. Motar za ta sha mai, ta dawo ta shiga gareji, bakanike da mai faci su samu. Kafin baƙon ya tafi zai sayi azurfa wajen maƙera, jakar fata wajen dukawa da mata masu saƙa. Mai gidan da ya mayar da ɗakunansa masauki zai ɗauki magini, mai wanki, mai gadi. Su kuma duk waɗannan za su je kasuwa su sayi hatsi da wake, wanda galibi daga kudu ake kai shi, wato daga irin gonakinmu. A ce baƙo ya biya jika ashirin kuɗin kwana. Wannan jika ashirin ɗin tana iya ratsa hannu biyar ko shida kafin ta bar gari, kowane hannu kuma ya ci abinci da ita.

Sai dai tulun yana da yoyo. Kuɗin jirgi a Paris ake biya, kuma yawanci kamfanin can ne ke karɓar kuɗin tafiyar gaba ɗaya, ya yanki nasa, ya turo saura. Motar daga waje aka sayo ta, kayan gyaranta ma haka. Shinkafa, taliya, madarar gwangwani, duk na waje ne. Abin da ke tsayawa a gari shi ne ladan aiki da kuɗin abin da aka noma ko aka ƙera a nan. Saboda haka yawan baƙi kaɗai ba ya gaya maka ko gari ya samu. Sai ka tambaya: me suka saya, kuma na wa ne?

Sannan sana'ar ta lokacin sanyi ce, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Baƙin ma ba su taɓa wuce 'yan dubbai a shekara ba. Abin da ya sa suka yi nauyi shi ne kowanensu yana kashe abin da manomi ba ya gani a shekara.

Baƙo raɓa ne

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Agadas ta ga gaskiyar wannan sau uku. Bayan abin da ya faru a Cintabaraden a watan Mayu na 1990, tawaye ya ɓarke, baƙi suka ɗauke ƙafa. Aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995. Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disamba na wannan shekarar, kuma sunansa filin jirgin Agadas ke ɗauke da shi yau.

Daga nan kasuwa ta sake buɗewa, har ta fi da. Wani abin da ya taimaka shi ne karya darajar sefa da aka yi a Janairu 1994. Kafin nan tammar Faransa ɗaya sefa 50 ce, ta koma 100. Ga talakan Nijar wannan masifa ce, don kayan waje sun yi tsada. Ga Bafaranshe mai yawo kuwa, Nijar ta yi araha. Jiragen haya suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas. Alphadi ya yi bikinsa na FIMA karo na farko a Tigidit a 1998. Aka ƙona makamai a bikin wutar zaman lafiya ranar 25 ga Satumba 2000. Mutane suka ci bashi suka sayi motoci, suka gina masaukai, matasa suka koyi harsunan Turawa.

A Fabrairu 2007 ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, jirage suka tsaya. Tseren Dakar ma aka soke na 2008, ya ƙaura Amurka ta Kudu a 2009. Ana sa ran farfaɗowa sai aka sace mutum bakwai a Arlit a Satumba 2010. Faransa ta shafa wa arewacin ƙasar jan launi a taswirarta, ma'ana kada ɗan ƙasarta ya je. Abin mamaki, a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, lokacin da babu mai zuwa kallo.

Me mai ɗaki da mai mota za su yi? Suka juya ga baƙon da ke akwai. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 hanyar Libiya ta buɗe, 'yan Afirka ta Yamma suka riƙa kwararowa. Gidajen da ake saukar da su ana ce musu geto. Tsarin dai shi ne na maigida da fatake: ɗaki, abinci, ɗan kamasho, direba, mai canjin kuɗi, mai sayar da jarka da rawani da tabarau. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙidaya fiye da mutum 300,000 da suka bi ta Nijar zuwa arewa a 2016. Ma'aikatar magajin gari ma tana samun nata a tasha. Ba za mu ɓoye ba, wannan hanya ta ci rayuka da yawa cikin hamada, ciki har da mata da yara na kudancin ƙasarmu masu zuwa Aljeriya. Amma ta fuskar kuɗi, garin bai taɓa ganin irinsu ba.

Sai doka mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayu 2015 ta haramta sana'ar, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, bisa matsin Tarayyar Turai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, aka rufe gidaje. An yi alkawarin jari ga waɗanda suka bari. Dubbai suka yi rajista, kaɗan suka samu. Hukumomin soja sun soke dokar a Nuwamba 2023. Ku lura da abu ɗaya: sau uku arzikin gari yana tashi yana faɗuwa, kuma ko sau ɗaya ba a Agadas aka yanke shawarar ba.

Lokacin da gwamnati ta zama mai kawo baƙi

Yanzu mu dawo kudu. Mu ba mu da Tenere, amma muna da baƙi. Maraɗi garin fatauci ne. Tun zamanin gyaɗa, da lokacin yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 da kaya suka riƙa ratsowa ta nan, alhazan garin da baƙin Katsina da Kano suka yi arziki. Akwai kuma baƙin da gwamnati ke tarawa da kanta. Kokowar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohi, kuma duk garin da ta sauka sai ya cika har kwana goma. Wanda ya taɓa ganin filin kokowa na Kantu a Maraɗi a irin wannan lokaci ya san yadda mai tuwo, mai tsire, ɗan kabu-kabu da mai ɗakin haya ke samu.

Babban misali shi ne bikin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958. A zamanin Tandja Mamadou aka fara zagayawa da shi, Damagaram ta karɓa a 2006. Gwamnatin Issoufou Mahamadou ta farfaɗo da shi da manyan kuɗi: Doso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, Tilaberi a 2019, sai Difa da aka ɗage zuwa 2021. Dabarar ita ce a zuba wa babban birnin jiha kuɗin gwamnati cikin shekara ɗaya: tituna, fitilu, dandalin fareti, gidajen saukar baƙi, gyaran filin jirgi. Baƙi su zo, gari ya motsa.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Amsar tana da fuska biyu. Titin da aka shimfiɗa yana nan, mai kabu-kabu da mai kai haƙuri asibiti suna cin moriyarsa kullum. Leburori da magina sun yi aiki na watanni. Waɗannan ba abin rainawa ba ne. Amma biki na mako ɗaya ne. Gidan da aka gina don baƙon mako ɗaya, idan ba a tanadi mai zama cikinsa da kuɗin gyaransa ba, kango zai zama. Manyan kwangiloli kuma manyan kamfanoni ke samu, siminti da ƙarfe da injuna yawanci daga nesa suke zuwa, wato yoyon nan na Agadas ya sake bayyana. Gyaran gari kuma yakan zo da rusau. A Yamai a 2016 an rushe rumfuna da shaguna masu yawa na bakin titi da sunan ƙawata birni, kuma mai rumfa shi ne mutumin da ya kamata a ce ya ci kasuwar baƙi.

Sannan ku tambayi kanku: daga Maraɗi Kwalliya me ya iso Gangara? Lanhon da aka yi aikin da shi na kowa ne. Duk wanda ya sayi kati ko sukari ko siminti ya biya harajin TVA, wanda yawancinsa kashi 19 cikin ɗari ne, ko yana birni ko yana ƙauye. Amma kwaltar a birni ta tsaya. Abin da ya iso ƙauye shi ne kuɗin ragon da aka sayar da tsada a makon, da ladan ɗan da ya je lebura.

An sake yin irin wannan, mafi girma, don taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019 a Yamai. Aka sabunta filin jirgin Diori Hamani, aka gina otal irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, yawanci da jarin kamfanonin waje. Don a jawo irin wannan jari gwamnatoci kan yafe haraji da kuɗin duwan na wasu shekaru. Harajin da aka yafe wa babba kuwa, wani ne zai cike gurbinsa. Ba a manta ba, dokar kasafin kuɗi ta 2018 ta zo da sababbin haraji, har da na gidan zama, a daidai lokacin da ta sauke wa kamfanonin waya wani haraji. Ƙungiyoyin farar hula suka yi ta zanga-zanga, aka kama jagororinsu irin su Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika a Maris 2018. Bayan taron da 'yan watanni cutar korona ta rufe filayen jirgi. A Agusta 2020 kuma aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, wurin raƙuman dawa, wanda shi ne wurin da baƙin Yamai suka fi zuwa.

Wanda ke biya ba ya cikin hoto

Akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba. Idan baƙo mai kuɗi ya shigo kasuwar haya, ɗan gari ne ke matsawa. Mai gida mutum ne mai lissafi. Idan ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ko mai zuwa taro zai ba shi a mako abin da malamin kwantaragi ke ba shi a wata, wa kuke jin zai zaɓa? Maraɗi tana da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010, kuma ɗaliban da ba su samu ɗaki a cikinta ba a gari suke haya. Tun 2019 da 'yan gudun hijira suka shigo yankin Gidan Rumji daga Sakkwato da Zamfara, ƙungiyoyin agaji sun ƙaru a jihar, su ma gidaje suke kamawa. Kowane sabon mai haya riba ce ga mai gida, nauyi ne ga wanda ke neman ɗaki.

Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. Tun da aka kafa Airbnb a 2008, masu gidaje a biranen Turai suka gane hayar kwana ta fi hayar wata riba. Abin ya kai hukumar birnin Basalona ta Sifen ta sanar a 2024 cewa za ta soke lasisin gidajen baƙi kusan 10,000 kafin ƙarshen 2028, don 'yan gari su samu wurin zama. Birnin Banis na Italiya ya fara karɓar yuro 5 daga masu shigowa yawon wuni a wannan shekarar. Bambancinmu da su shi ne su sun san gidajen, suna da rajista. A nan yawancin haya da baki ake ƙulla ta, babu takarda. Don haka mai tike ya fi sauƙin kama mai tallar ƙosai a kasuwa da ya kama mai gida goma na haya. Shi ya sa ma harajin da Nijar ke tarawa ya yi ƙasa ƙwarai da kashi 20 cikin ɗari na arzikin ƙasa da ƙungiyar UEMOA ta sa a matsayin buri, nauyin kuma ya fi sauka kan ƙananan mutane.

Abin da ya rage gare mu

Tun zaɓen 2004 ƙasarmu tana da kananan hukumomi masu kasafin kansu, Gangara na cikinsu. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai a mayar wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙa. Ko da biyan yakan yi jinkiri, ƙa'idar tana da kyau: inda aka samu arziki, a bar wani abu. Babu dalilin da zai hana a yi wannan tunani kan kuɗin baƙi, ko na kokowa ne, ko na bikin ƙasa, ko na masu zuwa dajin Gadabeji da aka kai wa raƙuman dawa a 2018.

Tarihin nan ya nuna cewa abin da ke tsayawa bayan tafiyar baƙo shi ne abin da ɗan gari ma ke amfani da shi. Rijiya, titin kasuwa, tasha mai tsabta, asibiti, lambun da ke sayar wa baƙo yau ya sayar wa maƙwabci gobe. Ayarin gishiri ya fi tseren Dakar daɗewa da ɗaruruwan shekaru don kowa na bukatar gishiri da hatsi, ko ana zaman lafiya ko ba a yi.

Don haka idan aka sake zuwa da zancen biki ko babban taro ko sabon otal, mu da muka yi lakwal ya kamata mu iya tambaya a fada da gidan rediyo da zauren magajin gari. Nawa za a kashe, kuma daga wane aljihu? Wa aka yafe wa haraji, na shekara nawa? Kashi nawa na aikin za a ba magina da manoman yankin? Wa zai riƙe ginin bayan an watse? Wanda aka tayar daga rumfarsa ko ɗakinsa, ina za shi? Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba sirri ba ne, takarda ce ta jama'a. A cikinmu nawa ne suka taɓa zuwa suka ce a nuna musu ta Gangara, ko ta Gazawa, ko ta Gidan Rumji? Wanda ya fara zuwa, ya kwafo mana alƙaluman tike na kasuwa da na tasha, mu buga su a fitowa ta gaba, mu yi lissafin tare.